Ganyen Gwaiba na Ƙarshe

Maƙerin ya ajiye dunƙulen yumɓun a gabanta, ya ɗauki ƙaramar guduma.

"Hajiya, ganyen ya ƙone a ciki, azurfa ce ta cike gurbinsa. In bai fito ba, shi ke nan."

Ganyen da ta tsira da shi ke nan daga gwaibar da marigayi mijinta ya dasa, ta ce a mayar mata da shi abin wuya na azurfa. Wata biyar maƙerin yana neman aurenta, ba ta ce masa komai ba, sai wannan aikin ta kawo.

"Fasa," ta ce.

Ya fasa. Ganyen ya fito da jijiyoyinsa duka, har da hujin da tsutsa ta yi.

Tana share hawaye ta hango tire ƙarƙashin teburi, cike da guntayen ganyayen tagulla.

"Waɗannan fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Gwaji ne. Ganyen marigayi guda ɗaya ne, ba ni da damar kuskure."

Ta daɗe tana kallonsa.

"Na gode, Malam. Ka je ka ga Kawu. Amma da wannan a wuyana zan shigo gidanka."

"Ai shi ya sa na yi wurin zura sarƙar da kauri."