Fayil ɗin da Ya Ƙi Goguwa

Duk ma'aikacin da ya bar kamfanin, na'ura kan riƙe fayil ɗinsa na wasu shekaru, sannan ta goge shi da kanta, ba sani ba sabo. Haka aka tsara ta. Sai ga fayil ɗaya ya ƙi goguwa, na wani tsohon direba da ya yi ritaya, ya kuma rasu tuntuni.

Manaja ya kira jami'in tsaro, wanda kowa ke ce wa Sa-ido.

"Ka nemo min mai yin wannan kafin masu bincike su zo," in ji shi. "In ba haka ba, kai ne za a goge."

Sa-ido ya fito gumi na tsattsafo masa. Yara biyar gare shi, ga uwarsa a hannunsa, ina zai kai su? Da ma shi mutum ne da ko gaishe shi ka yi sau biyu sai ya tambayi dalili.

Injiniya, mai kula da na'urar, ya yi masa bayani. Ashe duk lokacin da aka buɗe fayil, na'ura sai ta ɗauka ana bukatarsa, ta ƙara masa wata guda. To wani ne ke buɗe na direban kafin wa'adi ya cika, kowane wata ba fashi.

"Wa ke nan?"

"Na'ura ba ta faɗin suna. Mabuɗin sirrin ɗaya ne, mu uku muke amfani da shi: ni, Akanta, da Madam."

Madam ce shugabar sashen ma'aikata, kuma ita ta dage aka kawo na'urar. Ita ta kafa dokokin ɗakin ajiya: ba a kwafa, ba a bugawa, waya a bar ta a akwatin bakin ƙofa, kuma ba mai taɓa fayil ɗin ɗan'uwansa. Tata wayar ce ma kan fara shiga akwatin. A bayan idonta Madam Goge ake ce mata. Sa-ido bai ɓata lokacinsa a kanta ba.

Ya sa Akanta a gaba. Harkar ma'aikacin bogi ce, ya ce a ransa, ana raya matacce a takarda. Ya tona, ya tona, bai samu komai ba. Akanta kuwa ya daina amsa masa gaisuwa.

Sa-ido ya koma kan Injiniya, yana bin sa har wurin shan shayi. Wata rana da hantsi ya shiga ɗakin ajiya, ya tarar da abin sauraro na kunne a kan tebur, da ɗuminsa. A kwandon shara akwai takardar goge fuska a dunƙule. Ya duba allon. Ba a taɓa lambobin direban ba, ba a taɓa adireshinsa ba. Abu ɗaya ake buɗewa, hirar bankwana da aka naɗa ranar da ya ajiye aiki.

Ya saurara. Wani tsoho ne ke surutu, yana dariya, yana faɗin yadda ake lallaɓa mota a kan gangara, yana yi wa kowa addu'a har da masu ba shi haushi. Shirme kawai. Amma Sa-ido ya taɓa jin ana satar murya a yi damfara da ita. Yauwa! Ai Injiniya ne ya san kan irin wannan.

Sai dai hujja babu, masu bincike kuma suna tafe. Barci ya ƙaurace masa. Daga ƙarshe dabara ta faɗo masa: in ba a kama ɓarawo ba, a ɗauke abin da yake zuwa sata. A toshe ƙarin watan nan, na'ura ta yi aikinta.

Manaja ya yaba. Saura sa hannun Madam, sai Sa-ido ya kai mata takardar.

Ta karanta, ta sake karantawa.

"Ba wata hanya?" ta tambaya.

"Haba Madam, ke da kika koya mana doka? Ko kina so a sallame ni?"

Ta dube shi, ta tambayi lafiyar mahaifiyarsa, abin da ba ta taɓa yi ba. Sannan ta sa hannu.

Washegari fayil ɗin ya tafi. Manaja ya dafa kafaɗar Sa-ido, ya ce aikinsa na nan. Daɗi ya cika shi, ya nufi ofishin Madam don ya yi godiya. Ba ta nan. Wayarta na cikin akwatin bakin ɗakin ajiya.

Ya leƙa. Tana zaune, abin sauraro a kunnenta, allon gabanta fayau.

"Madam, an gama! Duk munafukin da ke shigowa nan, yau ya rasa abin zuwa nema."

Ta cire abin a hankali, ta naɗe igiyarsa, idonta jawur.

"Sannu da aiki, ka yi daidai," ta ce. "Ni dai ban san inda zan ƙara jin muryar Babana ba."