Faɗin Santimita Shida

"Ke mai maƙoƙo, fito nan," in ji malamin lissafi. "An sace mana ƙwallon gwaji, amma Allah ya hore mana wata."

Ta fito gaban aji tana jan ƙafa. Ya sa ta zare gyalen da take rufe wuya da shi, ya ɗaga haɓarta da yatsa, ya ɗora rula a kan kumburin.

"Faɗi santimita shida. Ku ɗauka mulmulalle ne kamar ƙwallo. Ruwa nawa zai ci in an cika shi?"

Aji ya kece da dariya. Wata daga baya ta ce a tambaye ta mana, ai ita ke ɗauke da kayan.

Ya miƙa mata alli. Ta raba faɗin biyu, ta ninka ukun da kansa sau uku, ta bi ƙa'idar layi-layi har ta rubuta ɗari da goma sha uku. Hawaye na gangarowa ta kan kumburin, ba ta share ba.

"Daidai," ya ce. "Ashe dai ba duka ƙwaƙwalwar ce ta zazzago wuya ba."

Da aka kaɗa ƙararrawa kowa ya watse, ta matso kusa da teburinsa.

"Baba, Mama ta ce in tuna maka yau za a kwantar da ni, gobe a yi aikin."

Bai ɗago daga littafin da yake dubawa ba.

"Ki ce mata a ɗage. Gobe ina da wannan darasin da ɗaya ajin."