Man Jaririya a Tafin Kaka

Yana shafa kumatun jikarsa sai ta tsala ihu. Uwar, autarsa, ta karɓe ta da sauri, sai ga jan layi inda kaushin yatsansa ya bi.

Hannun nan ya yi noma a Magami, ya kwance igiyar da 'yan bindiga suka ɗaure shi da ita a daji, kuma duk majalisar Tudun Wada ta san bai taɓa ganin mai ba. Shi yake faɗa da bakinsa kullum: "Shafa mai sai mata."

"Baba," in ji autar, "fata tana da nata kitsen, seramaid ake ce mai, shi ke riƙe ta kamar yaɓe. Naka ya ƙare."

"Ni? Kitsena ya ishi Gusau!"

Ya dai faɗa, amma tun ranar daga bakin ƙofa yake kallon jaririyar, hannuwa a aljihu. Ya so ya nemi mai, cika baki ya tare masa hanya. Ya so ya ɗauke ta, kaushi ya hana.

Wata safiya bayan wanka, autar ta miƙo masa man yarinyar.

"Sanyi gare shi, Baba. Ɗumama mata a tafinka."

"To, don amaryata kawai."

Ya murza, ya murza, har man ya ɓace cikin tsagogin hannunsa.

"Ya shanye," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

Ta ƙara matsa masa wani, ba ta ɗago kai ba.

"Bai yi ɗumi ba tukuna, Baba."