Nisan da Ke Tsakanin Inna da Auta

Surukin Inna, malamin makaranta, ya shimfiɗa taswirar duniya a kan teburin falo, ya danne gefenta da kofin shayi. Ya ɗora yatsa ɗaya a garinsu, ɗaya a birnin da Auta ya tafi aiki wata takwas da suka wuce.

"Kilomita dubu tara da ɗari huɗu ne, Inna. Awa goma sha uku a sama, ban da canjin jirgi."

"Madalla da ilimi," in ji Inna, tana cusa zuma da man zafi a jakar hannu.

Tun shekaranjiya Auta yake tari a waya, irin tarin nan da ya kusa tafiya da shi yana yaro. Inna kuwa ta ce yau ɗin nan sai ta gan shi da idonta.

Babbar 'yarta ta riƙe haɓa. "Inna, ko fasfo ba ki da shi fa."

Malam ya gyara tabarau ya ci gaba, don ba kullum yake samun aji mai ladabi haka ba. Ya nuna teku, ya nuna duwatsu, ya bayyana cewa a can yanzu ko gari bai waye ba.

Ana cikin haka waya ta yi ƙara. Auta ne. Ya ce da sauƙi, sanyin ƙasar ne kawai, ƙanƙara har gwiwa. Daidai lokacin jirgin ƙasa ya zo wucewa ta bayan unguwa yana busa. Inna ta janye wayar daga kunnenta, ta kasa kunne, ta mayar, ta sake janyewa. 'Yar ta kalli mijinta da tausayi: kunnen tsohuwa ya fara tafiya.

"Ka rufe ƙirjinka," Inna ta ce, ta kashe.

Ta zura takalmi ta fita. Suka biyo ta a baya suna raɗa, malam da taswirarsa a hammata. Ba ta tsayar da tasi ba. Ta bi gefen layin dogo a hankali, ta wuce mai faci, ta tsaya a kantin magani ta yi tambaya ɗaya. Aka nuna mata wani tsohon bene.

A hawa na biyu ta tsaya tana haki, ta ƙwanƙwasa. Daga ciki aka yi tari, ƙofa ta buɗe. Ga Auta, gemu buzu-buzu, wanda aikin ƙasar waje ya rushe masa tun a filin jirgi, kunya ta hana shi komawa gida.

"Matsa in shiga, mutumin ƙanƙara," in ji Inna. "Jirgin da ke busa a bayan unguwarmu shi nake ji a cikin wayarka. Wata takwas ina jira ka gaji da ƙarya, sai ga shi ƙirjinka ya riga ka gajiya."