Kyamarar da ke Cin Batir

"Matar Yaya, kyamarar nan ta haukace," in ji ƙanin mijina, ya ajiye wayarsa kusa da ɗan kwanon shinkafar da nake zuba wa marigayi mijina kowace safiya. "Yau ka sa batir, jibi ya mutu. Hotuna rututu, babu aladen daji ko ɗaya. Ƙungiyar manoma ta ce za ta cire ta."

Mijina ne ya ɗaure ta a jikin itacen gora, can kan dutsen da ke saman gonarmu, don ta riƙa ɗaukar hoto da kanta duk sanda wata dabba ta motsa a gabanta. Da ransa, dutsen nan ya fi ni ganin fuskarsa.

Na hau na sare ciyawar gabanta, na karkatar da ita daga rana, na sa sabon batir. Duk a banza.

Sai na sa tabarau na bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Gora, dusar ƙanƙara, gora. Amma a can ƙasan kowane hoto akwai bakin kunne guda, mai tsaga. Karensa ne, wanda tun ranar jana'iza yake shinshina abincina ya juya ya fita. Yana kwance daidai inda mijina yake tsugunawa in zai canja batir.

Kishi ya turnuƙe ni. Ina gida ina kunna turare gaban hoton mijina, ashe kare ya fi ni sanin inda ake jiransa.

"Kin gano matsalar, injiniya?" ƙanin ya tambaya.

"Iska ce," na ce. "Ka gaya musu kada wanda ya taɓa ta. Batir ni zan riƙa saya."