Karen da ke Kan Waƙar Maigida

Tafinta ya ce Bature na son in saurari faifan garmaho biyu, in faɗa masa wanne ya fi. Shekara arba'in ina kaɗa kotso a Ƙofar Atiku, shi ya sa aka aiko a kira ni.

Aka wana garmaho. Na farko gogen ƙasarsu ne, masu goge sun kai hamsin, ba wanda ya ambaci sunan kowa. Na biyu ma shi ne, sai dai ya fi sauri.

"Wa anka yi ma wanga kiɗi?" na tambayi tafinta.

"Ba kowa, Baba. Saurare kawai ake yi."

Na ce duk ɗaya ne, kiɗan da ba shi da ubangida hayaniya ce.

Bature ya yi dariya, ya ɗora na uku. Sai na ji muryata. Waƙar maigidana ce, wanda harsashin Turawa ya kayar ranar da suka shigo gari. Bara suka sa na rera ta cikin wani ƙaho, na ɗauka iska ta tafi da ita. Waƙar da manya ke tuɓe takalmi su saurara, ga ta tana fita, Bature na sakace haƙori.

Na roƙi a ba ni faifan in gani. A tsakiyarsa, inda sunan maigidana ke juyawa, an manna hoton kare, ya kasa kunne yana saurare.

Na wanke hannuna sau bakwai. Bakina ne har yau ban san da me zan wanke ba.