Shuɗiyar da Inna ta zaɓa

Ni zabiya ce, gashina launin busasshiyar ciyawa. Wata la'asar Inna ta kai ni shagon atamfa a Sabon Gari, mu sayi ankon bikin yayata, rawaya mai furanni. Ta yafa min ita, ta ja baya, ta ƙare min kallo.

"Wannan za ta haɗiye min ke," ta ce, ta nuna wata shuɗiya mai zanen ganye.

"Mama, anko fa?" in ji mai shagon. "Kowa rawaya, ita kaɗai daban?"

"Dama daban take. Gara a gan ta da kyau."

Ni rawayar nake so, in ɓace cikin mutane ko sau ɗaya. Ban faɗa ba. Allah Ya jiƙan Inna, har ta rasu tana zaton ta faranta min.